Jan Kwaɗo a Rijiya ta Goma Sha Huɗu

Da ƙarfe tara na safe ruwa ya ciko, jirgin kamfani ya samu hanyar shiga rafin da ke kaiwa rijiya ta goma sha huɗu. Mutum uku ne a ciki: Tekena direba, Oga Furo shugaban tasha, da Ibiso, ma'aikaciyar kwantiragi mai kula da bawulolin rijiyoyin mai. Takardar aikinta za ta ƙare ranar Juma'a, kuma Furo ne mai sa hannun sabuntawa. Sau biyu ya tuna mata da haka kafin su wuce rumfunan masunta.

Kowace rijiya tana da bawul na tsaro can ƙasa, kimanin mita ɗari cikin bututu. Ba ya zama a buɗe don kansa. Famfon da ke kan dandamalin rijiyar ne yake tura man haidirolik ta wani siririn bututu mai kaurin fensir, matsin man ya riƙe shi a buɗe. In gobara ta tashi, akwatin famfon ya zubar da matsin, murfin bawul ɗin ya koma ya toshe rijiyar.

Akwatin wannan rijiya yana yoyo. Sau uku cikin mako guda ta rufe kanta, kayan gyara kuma an ce suna hanya daga Fatakwal. Sai kwana huɗu da suka wuce ta daina rufewa, alhali ba wanda ya gyara komai. Yau an kawo Ibiso ta sa hannu cewa ta gwada bawul ɗin, lafiyarsa kalau.

Ta hau tsani. Allurar ma'aunin akwatin tana kwance, amma bututun mai yana gurnani a ƙarƙashin takalminta. Ta bi siririn bututun da ido har inda ya shiga kan rijiyar. Akwai ɗan ƙaramin makunni a wurin. An murɗe shi tam, an cire hannunsa.

"Oga, wa ya kulle matsin a ciki?"

Furo ya tsaya a inuwar akwatin yana fifita da takardar gwajin. "Kin zo gwaji ne ko binciken 'yan sanda?"

"An raba bawul da akwatinsa. Yanzu ko wuta ta cinye dandamalin nan, ba zai rufe ba."

"Wace wuta? Shekara ashirin da shida ina cikin ruwan nan. Tun kina ɗiban dodon koɗi a taɓo muke yin haka. Kaya su iso, mu mayar. Ba a koyar da haka a makarantarku, na sani."

Tekena ya ɗago daga jirgi, bakinsa cike da gasasshiyar ayaba. "Sista, sa musu hannu mu tafi. In ruwa ya janye, sai mu wuni nan ƙwarin bakin ruwa suna cizonmu."

"Kai ci abinka," in ji Ibiso. "Rumfar surukarka ce ta farko in mai ya malalo."

"To in ita kaɗai ce, a bar shi a buɗe!"

Furo ya yi dariya, ya miƙo biro. Ibiso ba ta karɓa ba. Ta ɗauki rediyo ta kira ɗakin kula da tasha, ta faɗi sunanta, da lambar rijiya, da lokaci, ta ce za ta rufe.

"Ibiso," in ji Furo, ya rage murya. "'Yar'uwa, yaranki biyu suna makaranta. Mutum nawa ke jiran kujerarki a bakin get, kin ƙirga?"

"Ban ƙirga ba, Oga. Matsa kaɗan."

Ta fara rufe bawul na sama, don kada murfin ƙasa ya bugu da ƙarfin mai. Gurnanin ya ragu, ya mutu. Sannan ta ciro sifana daga aljihu, ta kama guntun ƙarfen da aka cire wa hannu, ta juya. Man da aka kulle ya koma ta akwatin mai yoyo, ya riƙa ɗiga cikin tire. Ta jira minti biyar da agogo, ta duba ma'auni, ta rubuta abin da ta gani a bayan takardar da aka kawo mata.

"Shi ke nan, kin nuna mana boko," in ji Furo. "Ki sauka. Da yamma zan turo wanda ya san aiki."

Ta buɗe jakarta ta fito da murfin ƙarfe da jan kwaɗo. Ta kifa murfin a kan makunnin yana buɗe yadda yake, ta datse da kwaɗon, ta rataya kati mai sunanta. Dokar aikin kowa ya san ta: kwaɗon mutum, shi kaɗai ke cire shi. Wanda zai yanke sai ya cika takarda da sunansa, ya rubuta dalili, a aika hedikwata.

"Ba ni makullin," in ji Furo.

Ta zura shi cikin igiyar katin wuyanta. "Akwai zarto a tasha, Oga. Takardar ma shafi ɗaya ce."

Tekena ya tayar da inji. A hanyar komawa tasha ya tambaya ko wani zai ci sauran ayabar.

Furo bai cika takardar ba. Rijiyar ta yi kwana goma sha ɗaya a rufe kafin kayan gyara su iso. Ranar Juma'a sunan Ibiso bai fito cikin waɗanda aka sabunta ba. An rubuta cewa ba ta da haɗin kai da abokan aiki. Ta kwashe kayanta ta bi jirgin kasuwa zuwa gida.

Da aka gama gyaran, ofishin tsaro ya bugo mata waya ta aiko da makulli. Ta tambayi adadin da ma'aunin akwatin ke nunawa. Mai wayar ya ce bai sani ba.

"Je ka duba," in ji ta. "In ka gani da idonka, ka sake kira."