Wuyan Rigar Surukina

Ranar Litinin Hussaina, matata, ta dawo daga gidansu da labarin da ya hana ni cin tuwo. Wai mahaifinta ya yanke shawarar ba ni gonarsa ta hanyar Sandamu kyauta, kuma ranar Laraba zai tara liman da mai unguwa da 'ya'yansa maza a rubuta a sa hannu. Dalilinsa kuwa shi ne wanda duk Daura ta gaji da ji: ni na ceci ransa a filin tseren motoci shekara huɗu da suka wuce.

Tana faɗa tana murmushi, ni kuma na san ba haka abin ya faru ba. Kwana biyu suka rage mini. Ko in karɓi gona a kan ƙarya, ko in je in gaya wa mutumin nan cewa hannunsa na dama da ya shanye, ni ne sanadi.

Kafin ya zama Baba a bakina, Mati ne kawai. Direban babbar mota ne da ya sha hanyar Damagaram da Agadas, har wasu Turawa masu tseren motoci a hamada suka ɗauke shi ɗan jagora, daga nan ya zarce da su. Shekara biyu bayan ƙaddamar da shari'a a Katsina ya zo hutu, ya tarar da ni a garejin bayan tasha ina canza taya ina zuba surutu. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce hannuna yana da sauri amma bakina ya fi shi. Shi ya yi mini hanyar fasfo da aiki. Ina da shekara ashirin da shida a lokacin, shi kuma ya ba arba'in baya.

Mutanen unguwarmu har yau suna zaton tuƙa motocin nake yi, kuma ban cika gyara musu ba. Gaskiyar ita ce mu masu tuta ne. Tseren da muke bi dogo ne, na awa shida, na awa sha biyu, wani ma sai ya cinye yini da kwana. Direbobi suna canza juna, mu kuwa muna tsaye a bakin kwalta bayan wata katangar siminti da ba ta wuce ƙugu ba. Wannan watan muna Maroko, na gaba muna ƙasashen Larabawa, sai kuma Afirka ta Kudu. Jirgi, bas, ɗakin mutum shida, jaka cike da garin kwaki da yaji da kilishi. In ka tambaye ni yadda garuruwan suke, sai in ce maka kwalta ce da katanga da warin ƙonanniyar taya, domin abin da na gani ke nan.

Biyu-biyu ake tsayawa, fuska da fuska, tsakaninku bai fi tsawon hannu ba. Ɗaya yana fuskantar inda motoci ke tahowa, riƙe da shuɗiyar tuta. Ɗayan ya ba su baya, yana kallon inda suka nufa, riƙe da rawayar tuta, don in wani ya yi hatsari a gaba ya ɗaga wa masu tahowa su rage gudu. To, shi mai rawayar tutar ba ya ganin abin da zai kashe shi. Idon abokinsa shi ne idonsa. Ga ƙarar injina, ko ihu ka yi ba wanda zai ji ka.

Ranar farko Mati ya ce mini, “Kalilu, in ka ga abu ya taho bayana, kada ka ce komai. Ka cakumi wuyan rigata ka fizge ni ƙasa. In ma kuskure ka yi, daga baya na zage ka.”

Shekara tara muka yi a haka, ni da shuɗiya, shi da rawaya. Sau uku na fizge shi. Ɗaya daga ciki leda ce kawai iska ta kwaso, kuma ya shekara yana yi mini dariya a kanta. Rediyo yake kirana, ni kuma ina kiransa Tsohuwar Taya, saboda sanƙonsa ya sulɓe ba sauran zane. A kwano ɗaya muke ci, kuma ban taɓa bar masa tsokar ƙarshe ba don girmansa. Ban yi aboki kamarsa ba, ko kafin nan ko bayan nan.

Hussaina malamar firamare ce a Sandamu. Na san ta ne a wani zuwa hutu da na kai wa gidansu saƙon Mati, na zauna a soro ina ba ƙannenta labarin tsere har la'asar. Daga baya ta ce ta amince da ni ne don ta ga ko akwai ranar da zan yi shiru. Da Kawu Maliki, ƙanen mahaifiyata, ya je nema mini aurenta, an ce Mati ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ce ya ba ni.

Duk wanda ya tashi a Daura ya san yadda ake yi da suruki. Ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa. In za ka gaishe shi ka tuɓe takalmi tun daga nesa ka durƙusa. Ba wanda ya sa ni. Ana shafa fatiha wuyana ya lanƙwashe da kansa, kuma bai sake miƙewa a gabansa ba.

Mako bakwai bayan biki muka koma aiki. Tseren awa sha biyu ne a wata ƙasar Larabawa, kuma da aka liƙa takardar rabon wurare sai ga sunayenmu tare kamar kullum, a kwana ta bakwai, wato lanƙwasa ta bakwai a hanyar tseren. Na san akwai matsala. Har na je ƙofar ofishin Baturen da ke shugabantar masu tuta, da niyyar roƙonsa ya raba mu. Sai na tsaya ina tunanin abin da zan ce. In ce ba zan iya kallon mutumin ba saboda na auri 'yarsa? Baturen zai ɗauka wasa nake. Kuma labari zai kai wa Baba cewa na ƙi tsayawa da shi. Na juya na koma. A duk rayuwata ba abin da nake nadama kamar wannan juyawar.

Da ƙarfe takwas na safe aka saki motoci. Don in ga masu tahowa dole in duba ta saman kafaɗarsa, ga kuma fuskarsa nan dab da tawa. In na ɗaga kai sai idonmu ya haɗu, sai in yi sauri in sunkuyar. Na koma leƙe ta gefen hannunsa, ina dogara da kunne, ina ɗaga tuta a makare. Duk awa biyu ana canza mu mu sha ruwa mu yi salla, kuma duk lokacin ina ce wa kaina da mun koma zan gyara. Ban gyara ba. Ƙato da ni, shekara talatin da biyar, ina tsaron ran mutum ina kallon igiyar takalminsa.

Bayan la'asar, an shiga awa ta tara, na ji kukan wani inji ya canza, sai ƙarar birki. Na ɗago. Wata jar mota ta riga ta juya ta daki ƙarfen gefen hanya, tayarta ta gaba ta cire, tana tsalle tana nufo mu. Da idona yana inda ya kamata, da na gan ta tun lokacin da ta fara zamewa, da muna kwance bayan katanga kafin ta daki komai. Yanzu ƙiftawar ido ɗaya ta rage mini, ita ma na ɓata ta. Hannuna ya kai kusa da wuyan rigarsa ya tsaya. Na ji bakina ya ce, “Baba.” A cikin wannan ƙarar, kamar mai neman izinin shiga zaure. Sannan na kama hannun rigarsa na ja. Ya karkace, tayar ta kauce wa kansa, ta sami kafaɗarsa da ƙugunsa.

Wata biyu ya yi a asibiti kafin a dawo da shi gida. Hannun bai sake motsi ba, kuma sai da sanda yake tafiya. Tuƙi ya ƙare, noma ya ƙare. Ni na ƙara shekara ɗaya ina bin tsere da wani ɗan Sudan, sannan na ajiye na dawo gareji. Shi kuwa Baba duk inda ya zauna sai ya ba da labari: yadda tayar ta taho kamar an jefo turmi, yadda surukinsa ya yi tsalle ya janye shi. Kowace shekara tsallen nawa yana ƙara tsawo. A wurin suna, a wurin zaman makoki, mutane su riƙe hannuna su ce Allah ya yi mini albarka, ni kuma in ce amin, ina jin kunyar kaina.

Ranar Talata da hantsi na tafi gidansa. Yana zaure a kan tabarma, ya jingina da bango, sandarsa a gefe, hannun a kan cinyarsa inda ya ajiye shi da ɗayan. Na tuɓe takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi Hussaina da yara, ya tambayi gareji.

Na ce, “Baba, maganar gonar nan ce ta kawo ni. Ba zan iya karɓa ba.”

Ya ce, “Ta yi maka kaɗan ne?”

“A'a, Baba. Labarin da kuke bayarwa ne, ba haka ya faru ba.”

Na faɗa masa duka, idona a kan tabarma. Na faɗi ƙofar ofishin da na juya, da sunkuyar da kai, da hannun da ya tsaya. Na ce da na yi aikina yadda ya koya mini, da yau da hannunsa yake cin abinci. Da na gama, sai na jira abin da zai biyo baya. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora, har na shirya wa yadda zan kalli Hussaina in ta ji.

Can ya ce, “Malam Kalilu, ni ina nake kallo a ranar?”

Na ce, “Gaba, Baba. Inda motoci suka nufa.”

“Ta saman kafaɗar wa?”

Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya ce, “Awa tara ina kallon tsakar hularka. Ka zaci ban gani ba? Ga oba-oba a ƙuguna, kalma ɗaya zan faɗa a kawo wani ya canje ka. Ko in ɗaga haɓarka da sandar tuta in ce Rediyo, dube ni. Ban yi ba. Ka san me ya sa?”

“A'a, Baba.”

“Daɗi nake ji. Shekara tara kana kirana Tsohuwar Taya kana cinye mini nama, yau ga ka ka kasa ɗaga ido. Na ce a raina, ashe 'yata ta sami mai tarbiyya. Ina tsaye na ba mutuwa baya ina jin daɗin girma. To, wa ya fi wani wauta?”

Na ce, “Amma labarin da kuke...”

“Labarin don Hussaina ne. Kana so ta riƙa zuba maka abinci tana tuna hannun ubanta? Ba za ta ji daga bakina ba, kuma kai ma ba za ta ji daga naka ba. Wannan umarni ne. Gona kuwa, 'ya'yana maza ɗaya yana Kano, ɗaya yana Legas, ba mai riƙe fartanya a cikinsu. Gobe ka zo da wuri ka sa hannu.”

Na ce to. Na yi zaton in na faɗi gaskiya zan ji sauƙi, sai ga shi an mayar mini da kayana an ce in ci gaba da ɗauka.

Na yunƙura zan tashi, ya ce in dakata. Muryarsa ta yi ƙasa.

“Hannun nan na saba da rashinsa. Abin da ban saba da shi ba shi ne, tun ranar da aka ɗaura auren nan ba wanda ya sake tsokanata. Kowa Baba, kowa Alhaji, kowa sannu. Kai kaɗai ka san wuraren da na je, kai kaɗai za ka gane in na ce kwana ta bakwai. Sai ka zo ka durƙusa a bakin ƙofa kamar mai karɓar sadaka.” Ya ɗan gyara zama. “Yau dai ɗaya, ba kowa a zauren nan. Faɗa mini wani abu irin na da.”

Na ɗago na kalle shi. Ya tsufa fiye da yadda na zata, gemunsa ya yi fari tas, yana jirana da ɗan murmushi. Na lalubi kaina, ni da aka san ni da surutu tun daga tasha har ƙasar Larabawa. Sunan yana nan a kan harshena, na buɗe baki, amma ya ƙi fita. Idona ya koma kan tabarma.

Na ce, “Allah ya ƙara sauƙi, Baba.”

Ya ce, “Amin. Ka gaida gida.”