Saki Igiyar, Burgi

Mun bar motarmu mai ɗakin kwana a ƙasa muka hau dutse, ni da mijina Alois da karenmu, ina riƙe da igiyarsa, har muka iso wurin wasu shanu. Ban ga maraƙin ba sai da uwarsa ta daina kiwo. Sauran shanun suka taso, ƙararrawar wuyansu na kaɗawa.

"Burgi, saki igiyar," Alois ya ce mini. "Karen suke nema."

"Ka haukace? Su tattake shi?"

"Ya fi su gudu. Ke fa, da gwiwar nan taki?"

Yatsuna suka ƙi buɗewa. Sai da na ji hucin saniyar a hannuna na sake shi, suka rufa masa baya.

Da muka sauko, karen yana kwance ƙarƙashin motar. Na kira shi, ya ƙi zuwa.