Sunan Inno na Yanka

"Umma, don Allah, sau ɗaya kawai. Ko a kunne ki raɗa min."

"A bakina?" Saude ta ajiye rariyar da take tankaɗe, ta dubi 'yarta sama da ƙasa. "Ke Bahijja, yau kuma me ya shiga kanki? Shekara ashirin da uku ina gidan nan, ko a mafarki ban taɓa kama sunan uwar mijina ba. Sai yau, saboda waya?"

Bahijja ta zube a kan tabarma kamar an zare mata laka. Wata huɗu ke nan tana neman wanda zai biya ta kuɗin rubutu a intanet. Kafin nan labaran soyayya take zubawa kyauta a zaurukan waya, ana yi mata ruwan "Allah ya ƙara basira", addu'a mai daɗi wadda ba ta sayen data. Wurare goma sha ɗaya ta aika wa takardar neman aiki, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Har Baba ya ce in lokacin kaka ya yi babu labari, ta ajiye wayar ta koma shagon ɗinkin gwaggonta a nan Kazaure.

Sai ga Anti Khairiyya, editar wani shafi a Kano mai buga labaran sana'o'in karkara, ta ba ta gwaji: ta rubuto labarin mace ɗaya da sana'arta. Bahijja ba ta yi dogon tunani ba, ta rubuta labarin kakarta Inno, wadda ta shekara hamsin tana kaɗa man shanu a rugarsu ta bayan duwatsun Roni. Yau da hantsi amsa ta iso: "Rubutunki ya yi kyau, ƙanwata. Amma Inno ba suna ba ne. Ba ma buga labarin mutum sai da cikakken sunansa da yardarsa. Ki turo kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba zan ba wani gurbin, akwai masu jira."

A nan ne Bahijja ta gano abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta san sunayen taurarin littattafai fiye da ɗari, ta san wanda ya so wa da wanda ya yaudari wa, amma ba ta san sunan matar da ta goya ta ba. Kowa Inno yake cewa, tun daga jikoki har masu sayen nono.

Ta kira Baba, Malam Muhammadu Lawal, wanda tun asuba ya tafi kasuwar Babura da buhunan gero. Ta cikin wayar tana jiyo kukan raguna da muryar masu canjin sefa.

"Baba, ku yi haƙuri, tambaya gare ni. Mene ne sunan Inno na yanka?"

Baba ya gyara murya. "Bahijja, kin karya kumallo kuwa?"

"Na karya, Baba. Sunan nake..."

"Ga mai saye ya tsaya. Mai abu tana nan da ranta, ke jika ce, tsakaninku babu kunya. Je ki tambaye ta." Ya kashe wayar.

Azahar ta gota lokacin da ɗan acaɓa ya sauke ta a bakin rugar. Ta tarar da Inno a gindin tsamiya tana wanke ƙore, 'yar siririya, idanunta tar kamar na budurwa.

"A'a, 'yar birni! Yau wayar ta ba ki hutu, ko korar ki ta yi?"

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, wurinki na zo roƙo."

Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta zayyana mata komai. Inno ta saurara, hannunta bai bar ƙwarya ba.

"To, duniya za ta karanta ni ke nan. Karanta min tukuna, in ji abin da kika ce na yi."

Bahijja ta buɗe wayar, ta fara da sakin layin da ta fi alfahari da shi, wanda ita kanta sai da ta yi ƙwalla da tana rubuta shi: "Duk sanda Inno ta rungumi goran nono tana kaɗawa, marigayi mijinta take tunawa, hawayen bege na gangarowa a kumatunta kamar raɓar asuba."

Inno ta tuntsire da dariya har da tari, sai da Bahijja ta miƙa mata ruwa.

"Ni? Bege? Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki! Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, da ya ji wannan da ya bar garin. Ina kaɗawa ina lissafin rana ne, kada ta ɗaga man ya narke min kafin in kai kasuwa. Hawayen da kika gani kuwa hayaƙin murhu ne."

Kunya ta rufe Bahijja, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe saura ƙiris ta sayar wa duniya ƙarya da sunan kakarta, a aikinta na farko.

"Goge," in ji Inno. "Rubuta cewa da sanyin safiya ake kaɗawa. In man ya fara tashi sai a zuba masa ruwan randa, ya haɗe jikinsa. A cura shi, a jefa curin cikin nono, a rufe da faifai, a haka zai kai kasuwa bai narke ba. Wannan shi ne aikin. Begen ki bar wa 'yan littafinki."

Yatsun Bahijja suka shiga gudu a kan waya. Da ta sake karantawa, sai ta ji rubutun ya tsaya da ƙafafunsa, har ƙamshin man take ji a ciki. Ta dubi agogo. Uku da kwata.

"Saura sunan, Inno."

Tsohuwar ta kafa wa shanun da ke can nesa ido. "Wadda ta kira ni da shi ta ƙarshe uwata ce, ranar da za a kawo ni rugar nan. Tun daga nan na zama amarya, na zama uwar wane, na zama Inno. Bakina ya manta hanyarsa."

Bahijja ta sauke wayar. Ta buɗe baki za ta ce a bar shi, ɗinkin ma sana'a ce, sai Inno ta miƙe ta shiga bukka. Ta jima tana motsa jeren ƙorenta, sannan ta fito da wani ƙullin tsumma. A ciki akwai leda, a cikin ledar katin zaɓe.

"Ungo. Wannan ba shi da kunya, shi ya faɗa miki."

Bahijja ta karɓa da hannu biyu. Ta karanta a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe: "Zulaikha Sama'ilu."

Inno ta kau da kai, ta kai bakin zanenta ido.

"Inno, kuka kike yi?"

"Hayaƙi ne."

Babu wuta ko ɗaya a tsakar rugar. Bahijja ta matsa ta jingina da kafaɗarta. Can ta kanga mata wayar a baki don ɗaukar muryarta, Inno ta gyara murya kamar mai magana da hakimi: "Ni ce mai sunan. Na yarda a buga. Amma ban da bege."

Sabis ba ya sauka rugar sai an hau dutse. Bahijja ta tattare hijabinta ta haye, takalmi a hannu, ta tura gyararren rubutun da sunan da muryar Inno, saura minti ashirin huɗu ta cika. Ta zauna a kan dutsen mai zafi. Alama ta nuna an buɗe saƙon. Ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai wayar ta yi ƙara. "Na saurari Inno har sau uku, ina ta dariya. Wannan ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Gobe zai fito, ki turo lambar asusunki. Ina son irinsa guda huɗu duk wata, in za ki iya."

Wata ajiyar zuciya ta ƙwace mata, doguwa, kamar ta sauke tulun da ta ɗauko tun daga rafi. Ta sauko tana dariya tana share ido.

"To, me Kanawan suka ce?" Inno ta ɗago daga gindin tsamiya.

"Sun karɓa, Inno! Har suna son ƙari."

"Madalla. Akwai ƙawata Tasalla mai daddawa a Gwiwa, bakinta ya fi nawa kaifi. Sai dai ita ma Tasallar ba shi ne na yanka ba."

Bahijja ta ɗaga wayar sama, ta faɗa da ƙarfi har 'yan maruƙa suka waiwayo: "Na karɓi aikin! Jibi zan tafi Gwiwa, kuma kafin in rubuta ko kalma ɗaya, sunanta zan fara tambaya."