Birkin Malam Mikail

Babur ɗin Malam Mikail ya girmi 'yarsa Halima Sadiya, ya kuma girmi rabin gidajen siminti da ke layinsu a Gwale. Baƙi ne, mai salansa biyu, irin wanda yanzu sai a tsofaffin hotuna ake ganinsa. Malam ya saye shi sabo fil lokacin da yake aikin ba da magani a wani ƙaramin asibiti, kuma tun daga ranar bai taɓa bari takardunsa sun mutu ba. Duk shekara sai ya kai shi wurin masu gwajin lafiyar abin hawa, su duba fitila da oda da taya da birki, su ba shi shaida. 'Yan unguwa dariya suke yi masa, don su a saninsu ba mai kai babur gwaji sai wanda aka kama. Shi kuwa cewa yake, abin da hukuma ba ta yarda da lafiyarsa ba, ba zai ɗora jikinsa a kai ba.

Ƙasimu bakanike ne ke kula da babur ɗin, a rumfarsa da ke Jakara. A hannun Malam ya tashi, don gidajensu katanga ɗaya ce ta raba su. Ya san halin injin nan ciki da waje. Ya san kafireta tana yoyo idan an jingine shi a karkace, fulogin hagu yana riga na dama yin baƙi, in damina ta kankama kuma sai an yi ta buga kik kafin ya yarda ya tashi. Duk wannan ciwon tsufa ne, babu mai kisa a ciki. Babur lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne yanar ido ta fara rufe wa gani.

Wata rana da hantsi Halima Sadiya ta zo rumfar, ta tsaya daga gefe don kada baƙin mai ya taɓa mata hijabi.

"Yaya Ƙasimu, jiya Baba tunkiya ya yi wa faɗa a ƙofar gida. Wai ta tashi ta tafi makaranta."

Ƙasimu ya kwashe da dariya, har sai da ya lura ita ba ta yi ba.

"Mun yi magana har mun gaji," in ji ta. "Ya ce idonsa garau. Asibiti ma ya ƙi, wai shi da ya ƙare rayuwarsa yana ba mutane magani. Kullum sai ya hau abin nan ya tafi gaisuwa ko jana'iza, ni kuma in zauna ina jiran wanda zai yi sallama da mugun labari. Maganar mutum ɗaya yake ji a duniya, mai gwaji. Jibi zai kai shi."

"To me kike so in yi?"

"Kai ka san abin da suke dubawa."

"Haba Sadiya. In yi wa babur ƙazafi?"

"Ka yi wa babur, ko mu ɗauko Baba a makara. Zaɓi ɗaya."

Bayan ta tafi ya daɗe riƙe da sifana bai ɗaura komai ba. Mutumin da ya damƙa maka amanar abin hawansa, ka lalata masa shi don ka tsare masa rai, amanar ka ci ko ka riƙe? Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, duk inda ya ajiye ta sai ta ƙi zama. A ƙarshe ya bar tambayar halal da haram, ya koma tambayar da ya iya, wato ta ina za a taɓa.

In fitila ce ko oda, Malam zai sa a gyara a nan take a sake gwadawa. Sai an sami abin da babu shi a kasuwa. Nan ya tuna da shu, ƙarafan nan biyu masu fata da ke damƙe ƙafar baya daga ciki idan an taka birki. Na irin wannan babur sun ɓace. Bara ma sai da ya tone shagunan Ƙofar Ruwa kafin ya samo sababbi, tsofaffin kuma suna nan a cikin gwangwani, fatarsu ta cinye ta yi santsi. In ya mayar da su, mai gwaji zai taka ya ce birki bai ci ba. Shi kuma ya ce ana nema, a yi ta nema har Malam ya saba da zama.

Washegari da Malam ya kawo babur a yi masa shirin gwaji, Ƙasimu ya wanke fulogi, ya ja cen, ya kuma yi abin da ya ƙudurta. Ya ɗaure birkin yadda in ana tafiya a hankali zai kama, sai an taka da gudu ne zai zame. Da yamma shi da kansa ya kai shi gida ya shigar soro.

"Baba, gobe ka jira ni. Ni zan tuƙa, kai ka zauna a baya kamar Alhaji."

"Kai za ka goya ni? Ni da na kai ka gidan wanzami a kan babur ɗin nan, kana ihu kana tsula min fitsari a tanki?"

"Ai shi ya sa, Baba. Ramawa zan yi."

"Ja'iri. To, na ji."

Wannan "na ji" ɗin Ƙasimu ya riƙe a matsayin alkawari. Da safe da ya zo, soro babu kowa, sai ɗigon mai a inda babur yake kwana. Halima Sadiya ta leƙo.

"Au, ba tare kuke ba? Ya fita tun ɗazu, wai ba ya son ya tarar da layi."

"Inna lillahi."

"Mene ne? Ba fitila ka taɓa ba?"

"Birki ne."

Bai tsaya ganin fuskarta ba. Ya tare adaidaita, yana ta ce wa direban ya ƙara wuta, yana leƙen kowane lungu. Suna kawowa Ƙofar Mazugal ya hango taro.

Kurar ruwa ce a kife, jarkoki sun watse, ruwa yana ta kwarara a kan kwalta. Mai kurar, wani magidanci da ake kira Isyaku, yana zaune a ƙasa ya rungume ƙaurinsa, ƙafar ta karkace yadda ƙafa ba ta karkacewa. Babur yana kwance a gefe. Malam Mikail kuwa yana bakin kwalbati, hula a hannu, gwiwar hannunsa ta goge tana jini.

"Wannan akwalar ai ba ta da birki!" wani mai faci yake faɗa. "A ce mutum ya hau kakan babura ya shigo titi!"

Malam ya ɗaga hannu. "Kada ku ɗora wa babur. Jiya jiyan nan ɗana ya duba shi, kuma bai taɓa yi min algus ba. Ni ne ban ga bawan Allahn nan ba sai da na zo dab da shi. Idona ne. An faɗa min, na ƙi ji."

Ƙasimu ya sunkuya yana duba kwalta. In birki ya kama, taya takan bar baƙin zane. In akwai zane, to Malam ya makara ne kawai. In babu, to shu ne suka zame. Amma ruwan jarkoki ya bi ta wurin da taɓo, ƙafafun mutane sun tattake sauran. Babu abin da za a karanta.

Ƙasimu ne ya ɗauki Isyaku zuwa gidan mai ɗori, shi ya danne masa kafaɗu lokacin da ake jan ƙashin. Ihun mutumin ya shiga kunnensa ya zauna. Da aka gama ɗaure karare, Isyaku ya share gumi ya dubi Malam, wanda ya biyo su yana ta ba da haƙuri.

"Baba, da ka ce ruwa kake so, ai da har gida zan kawo maka. Ba sai ka zo ka ɗauka da kanka ba."

Aka yi dariya, ban da mutum biyu, Malam da Ƙasimu. Mai ɗori ya ce sai an ga watan gobe kafin ƙafar ta taka ƙasa, turin kura kuwa sai abin da Allah ya yi.

Ƙasimu ya turo babur ɗin da hannu har Gwale. A tsakar gida Malam ya miƙa wa 'yarsa makulli ba tare da an tambaye shi ba, ya ce ta nemo ranar da ake ganin likitan ido. Abin da aka yi ta nema ke nan, ga shi ya samu. Da ta rako Ƙasimu soro, ya tsaya ya yi ƙasa da murya.

"Zan faɗa masa."

"In ka faɗa, gobe zai karɓi makullinsa. Zai ce ashe ba idona ba ne."

"Yana can yana neman gafarar abin da wataƙila ni na aikata."

"Wataƙila. Kai ka tabbata da sabon birki da zai tsaya?"

"Ban sani ba."

"To ni ma ban sani ba. Abin da na sani, yau ƙafa ce. Wata rana ɗan wani ne, ko shi kansa." Ta goge ido da bakin hijabi. "Ni na sa ka, Yaya. Ka bar min rabin laifin."

Bai ga yadda ake raba irin wannan kaya biyu ba.

Kashegari bayan la'asar ya dawo da jakar kayan aiki. Malam yana soro a kan tabarma, carbi a hannu, an naɗe masa gwiwar hannu da bandeji. Ƙasimu ya gaishe shi, ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya fara kwance ƙafar baya.

"Me kake wahalar da kanka? Ai ba mai hawansa kuma."

"Ba a barin inji da datti, Baba."

Malam ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Jiya ban runtsa ba. Ƙarar ƙashin nan nake ta ji. Mutum yana neman abincin 'ya'yansa, na zo na zaunar da shi." Ya numfasa. "Na taka fa, Ƙasimu. Da na gan shi na taka da duk ƙarfina. Sai na ji kamar ƙasa ce ke tafiya da ni. Kai da ka buɗe, ka ga wani abu ya sami birkin?"

A lokacin tsofaffin shu ɗin suna tafin hannun Ƙasimu, sumul kamar bayan cokali. Tsakaninsu da fuskar Malam bai fi kamu biyu ba. Tsohon yana kallon wajen, idanunsa fari-fari, yana jiran amsa.

"Babu komai, Baba. Ƙasa ce ta shiga, ita nake sharewa."

"To, shi ke nan," in ji Malam. "Ni ne."

Ƙasimu ya zura ƙarafan a aljihu, ya ɗauko sababbin daga jaka ya fara mayarwa. Noti ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin tabarma. Malam ya lalubo shi da yatsu ya miƙa masa.

"Ungo. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yadda ka riƙe min amana, Allah ya ba ka masu riƙe maka."

Ƙasimu ya karɓi notin. Ya buɗe baki zai ce amin, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗauri.