Kujerar Gefe

Kwana tara muka yi babu mota bayan tsohuwar motarmu ta mutu mana a kan titin Jurf, unguwarmu a nan Madina, kuma wallahi a duk shekarar nan ban sami kwanciyar hankali irin ta kwanakin nan tara ba. Tasi ke kai 'yarmu Sundus makaranta, tasi ke kai ni asibitin da nake aikin ba da magani, shi kuma maigidan motar kamfani ke biyo masa. Kowa a gidan na mita, ni ina hamdala a ɓoye. In ka ga mace na murna motar gidansu ta mutu, to da walakin goro a miya.

Sunan mijina Jibril, injiniya ne, ni dai Abban Sundus nake kiransa. Wata biyu da suka wuce likitan ido ya gaya masa, a gabana, cewa hawan jinin ido ya cinye masa ganin gefe da gefe. Abin da ke gabansa sak yana ganinsa tar, amma abin da ke dama ko hagu ba ya sanin da shi sai ya juya kai gaba ɗaya, wani lokacin ko ya juya sai ya tsallake shi. Likita ya ce ya ajiye tuƙi. Muna fitowa ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ce lasisinsa saura shekara biyu, kuma shi tun yana Zariya yake riƙe sitiyari, lokacin likitan ko yaye shi ba a yi ba. Sau uku ya goge gefen dama na tsohuwar motar a jikin abin da bai gani ba, sau ukun kuma laifin direbobin Madina ne. Kullum da safe da wannan idon yake ɗaukar yarinya 'yar shekara takwas a kujerar baya, ni kuma in tsaya a taga gabana na faɗuwa har sai malamarsu ta turo saƙon sun iso.

Ni ma ina da lasisi. Shekara huɗu ke nan da na je makarantar tuƙi ta mata na karɓo shi, sai dai da otomatik aka koya mana, tsohuwar motar kuwa mai giyar hannu ce, ko kunna ta ban iya ba. Don haka ranar Asabar da muka nufi ma'arad, wato wurin da ake sayar da motoci na hannu, na san ba mota kaɗai za a zaɓa ba. Za a zaɓi wanda zai riƙa tuƙa Sundus ne.

Motoci biyu ne suka yi daidai da ƙarfinmu, duk ƙanana, an jera su kusa da juna a ƙarƙashin rumfar kwano. Ɗaya fara ce mai giyar hannu, ɗaya ruwan toka, otomatik. Mai wurin sunansa Sa'id, mutum ne fari tas mai kimanin shekara talatin da biyar, da farar riga da jan mayafi a kafaɗa, Larabcinsa na 'yan Madina zalla. Ya yi mana marhaba, ya sa aka kawo shayi da na'ana'a, ya ja gefe ya bar Abban Sundus da motocin.

Abin haushin shi ne farar ta fi, kuma ko makaho ya shafa ya san ta fi. Ta fi ƙuruciya da shekara ɗaya, ba ta yi tafiya mai yawa ba, mai ma ɗan lasa take yi. Abban Sundus ɗan makanike ne, ya bi jikinta da tafin hannu yana ƙwanƙwasawa ko zai ji inda aka yi ciko, bai ji ba. Ya sa aka tayar da ita, ya kara kunne a kan injin, ya ɗago yana murmushi kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Ita kuwa ruwan tokar akwai lotsawa a bayanta, kujerar direba ta fara sulɓewa, kuma an ɗan ɗora mata kuɗi saboda otomatik ce.

Na fara kawo dalilaina, duk na ƙarya. Na ce fara ba ta jure datti, ya ce rabin motocin garin nan farare ne saboda rana. Na ce sanyin mukayyif, wato na'urar sanyi, na tokar ya fi, ya sa hannu a bakin iskar duka biyun ya ce sai dai in hannuna ne ke zazzaɓi. Na ce but ɗinta ya fi faɗi, ya tambaye ni ko raƙumi nake shirin saye. Sa'id yana jingine da wata mota yana danna waya. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini abaya, kuma ba na zafin la'asar ba ne. Gaskiyar magana tana bakina, amma matar kirki ba ta kwance wa mijinta zani a gaban baƙo, haka aka raine mu.

Sai ya ce zai gwada farar a kan titi. Sa'id ya shiga gaba kusa da shi, ni na zauna a baya, daidai inda Sundus ke zama. Muka fita a hankali. Ba zan ci zalinsa ba, hannunsa a kan giya abin kallo ne, motar na bin sa kamar ta san shi. Muka zagaya shataletale muka juyo. Kafin mu kai ƙofar ma'arad akwai wani tsoho da ya turo baro cike da na'ana'a da latas, ya sauko daga dakalin titi ta hannun dama zai tsallaka. Na gan shi tun daga nesa, na jira in ji ƙafar Abban Sundus ta sauka a kan birki, ba ta sauka ba. Tsohon ne ya fizge baronsa baya, madubinmu ya wuce ta gaban cikinsa da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, ɗauri biyu na ganyen suka faɗi a kwalta. Na ga hannun Sa'id ya kai kan birkin hannu ya tsaya a nan. Abban Sundus kuwa a daidai lokacin yana ce masa da Larabci giya ta uku santsi gare ta kamar man shanu.

Da ya tsorata, da ya yi salati, da ma ya zagi tsohon, da hankalina bai tashi haka ba. Bai ma san an yi ba.

Muka koma ƙarƙashin rumfa. Ya ce wa Sa'id ya kawo takardu, farar zai ɗauka. Sa'id ya ɗauko fom ya ɗora a kan bonet yana cikewa a hankali, taku biyu tsakaninmu da shi. To mu Hausawan garin nan muna da wata al'ada: in muna kasuwa ko ofis muka so gulma, sai mu juya harshe zuwa Hausa, mu yi murmushi, Balarabe ya ɗauka ciniki muke shawartawa. Abin da na yi ke nan. Na shimfiɗa murmushi a fuskata, na rage murya, na zazzage masa abin da na haɗiye wata biyu. Na tuna masa maganar likita kalma bayan kalma. Na ce ba direbobin Madina ne suka goge tsohuwar motar ba, idonsa ne. Na ce kullum da safe sai na mutu na dawo kafin saƙon makaranta ya shigo, kuma in ya sayi motar nan, Sundus ba za ta shiga ba ko da za a raba aure a kai.

"A gaban mutane, Zuliha?" ya ce, shi ma yana murmushin ƙarya.

"Wane mutane? Wannan ai ba ya jin komai."

Sai ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce shekara goma sha huɗu a ƙasar mutane, a wurin aiki shi baƙo ne, a ofishin takardu shi lamba ce, wuri ɗaya da yake jin shi maigida ne shi ne bayan sitiyari, iyalinsa a bayansa. "In na koma kujerar gefe na zama kaya," in ji shi. "A ɗauke ni, a sauke ni." Tausayinsa ya kama ni, amma tsoro ya fi tausayin ƙarfi, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Sa'id ya ajiye biro. Bai ɗago kai ba, ya yi magana da wata irin Hausa mai nauyi, irin ta tsofaffin da suka zo aikin hajji da ƙafa tun zamanin da.

"Ku yi mini gafara, Kawu. Ina ji. Kakata Badamagariya ce, tana nan unguwar Sih, ita ta raine ni." Ya ɗago kai. "Tsohon nan mai baro, ni na gan shi. Ita ma ta gan shi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Duk abin da na ɓoye wa 'yan'uwana na jini, duk abin da mijina ya faɗa mini daga cikin cikinsa, na baje shi a gaban mai sayar da mota ina murmushi. Na kasa kallon Abban Sundus. Na san halinsa, in aka kunyata shi taurin kai yake ƙarawa, kuma na tabbata yanzu ko motar nan wuta ce sai ya saye ta don kada a ce mace da dillali sun kayar da shi.

"Wane tsoho?" ya ce.

Ya dube ni, ya juya kai gaba ɗaya ya dubi Sa'id, ya sake tambaya a hankali, wane tsoho. Sa'id ya nuna ƙofa da hannu. Abban Sundus ya taka ya fita bakin titi, mu muka tsaya kamar an dasa mu. Daga inda nake ina hango shi. Tsohon na can tsallake ya kafa baronsa a gindin fitila, ganyen da ya zube kuma yana nan a kwalta, tayoyi sun murje shi. Mijina ya daɗe yana kallon ganyen. Ya tsallaka, ya yi magana da tsohon, ban san abin da suka ce ba, na dai ga tsohon na nuna cikinsa da hannu yana gwada masa tazara. Ina tsaye ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ba ta wurin ba ce.

Da ya dawo fuskarsa ta yi fayau. Ya je wurin ruwan tokar, ya shafa lotsawar da ke bayanta, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya ce wa Sa'id da Larabci a canza mata tayoyin gaba, sun tsufa. Sannan ya ce a yage wancan fom, a kawo wani.

"Da sunan wa, Kawu?"

"Ba shi igamarki," ya ce mini, idonsa na kan motar.

Na yi zaton zan ji daɗi. Na zaro igamar, wato katin zaman ƙasa, daga jaka, abin da nake ji kawai shi ne na yi nasara a kan mutumin da ban taɓa son in ga ya faɗi ba. A tasi muka koma gida, kuma kwana biyun da aka ɗauka ana juya takardu zuwa sunana maganarmu ba ta wuce ta abinci da sallama ba.

Ranar Litinin bayan la'asar muka je ɗauko ta, mu biyu. Ya tsaya a gefen motar na ɗan lokaci, sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar dama ya zauna. Ya ja kujerar baya, ya dawo da ita gaba, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, daga ƙarshe ya ɗora su a gwiwa. Na yi bisimilla na tayar. Tafin hannuna ya jiƙa sitiyari, na taka birki da ƙarfi tun ba mu bar rumfa ba har kansa ya yi gaba. Muka lallaɓa muka fito, muka iso wata mararraba marar fitila inda dole in tsallaka babban titi. Na tsaya ina duba hagu. Shi kuma ya yi abin da duk wanda ya zauna a gefen direba yake yi a garinmu, ya leƙa dama don ya taimake ni.

"Ba kowa, shiga."

Ban shiga ba. Ƙafata na kan birki har wata farar bas cike da masu Umara ta taho daga dama ta wuce ta gaban hancinmu, iskarta ta girgiza motar. Ya bi ta da ido har ta ɓace. Na baya suka fara yi mana ham, ni kuma hawaye sun cika mini ido ina ƙoƙarin mayar da su don in ga hanya.

"Zuliha," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Daga yau, in muna kan titi, kada ki ƙara jin maganata."

Na ce to. Na duba hagu, na duba dama da kaina, sannan na tsallaka.