Goge Marar Tsirkiya

Idrisa shi ne mai gogen garin Gidan Rumji, kafin kuturta ta cinye masa yatsu. Tun daga nan gogen yake rataye a ɗaka, furar da matarsa Dija ke kaiwa kasuwa ita ke riƙe da gidan.

Daminar da Nijar ta samu 'yancin kai, Mushe Abdulmumini, malamin lakol, wato makarantar boko, ya aika aka kira shi. Wani Nasara mai gyaran rediyo ne, da zai koma ƙasarsu, ya bar wa mushen wani akwati mai aiki da pil, wato batir, da sandar ƙarfe tsaye a kansa.

"Baba Idrisa, wannan ba ruwanshi da yatsa," in ji Mushe. "Kai hannu kusa da sandar, kada ka taɓa."

Idrisa ya miƙa dungun hannunsa. Akwatin ya saki kuka siriri. Ya ja baya, muryar ta yi kauri. Ya girgiza hannun, sai ga ta tana rawa kamar ta goge. Ya zauna a ƙasa.

Kullum in an tashi daga lakol yakan tsaya shi kaɗai a aji yana lalube cikin iska, har ya gano inda taken manoma yake, kiɗan da ya yi tashe da shi.

Ranar bikin 'yancin kai aka kai akwatin filin kasuwa. Idrisa ya ɗaga hannu, taken ya fito tsaf. Fili ya yi tsit. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Sai jama'a suka fara matsowa, kowa na son ganin inda aka ɓoye tsirkiyar. Shi kuwa akwati bai san hannun Idrisa daban da na kowa ba. Wani ɗan tireda ya leƙo, muryar ta karkace. Wani ya kaɗa hularsa kusa da sandar, abin ya yi ƙara kamar akuya a hannun mahauci. Aka fashe da dariya.

"Don Allah ku ja baya," in ji Idrisa. "Kaɗan dai. Ku bari in ida."

Ba wanda ya ji. Hannaye suka yi ta shawagi a gabansa, kowa na gwada nasa. Mushe ya yi tsawa har muryarsa ta dushe. Idrisa na tsaye da hannu a sama, yana neman taken cikin hayaniyar, bai same shi ba. Can masu kalangu suka goce da kiɗa, taro ya koma wajensu.

Da fili ya sarara ya sake gwadawa. Muryar ta fito a shaƙe, ta ɗauke.

"Pil ɗin ya ƙare, Baba," in ji Mushe. "Irinshi kuwa ko a Maraɗi ban gani ba."

Dija ta aza ƙwaryar fura a ka, ta zo ta tsaya kusa da shi. Hadari ya taso daga gabas, suka kama hanyar gida.