Tulun Mai Gyaran Firij

Hayar wata biyu nake bin mai gyaran firij, wanda ke ɗakin ƙarshe kusa da famfo. Ban yi makaranta ba, a kai nake riƙe lissafina, kuma ba a taɓa cin kwabona ba. Shi da matarsa da 'yarsu mutanen wata ƙasa ne can nesa, kuma tunda suka kama ɗakin bai taɓa kwana da kuɗina ba, sai da matar ta rasu a asibiti. Na ɗaga masa ƙafa, don ba na tsayawa a kan mai makoki.

Ba mu ga gawa ba. Muka ɗauka an tura ta garinsu.

Ana nan sai matar tela, mai haya a ɗakin farko, ta shiga wurinsu aron sukari. Ta tarar da yarinyar ita kaɗai tana aikin makaranta. Ta hango wani tulun tagulla mai murfi a kan kantar ɗakin, ta kai hannu za ta buɗe. Yarinyar ta ce, "Gwaggo, kar ki buɗe, Mama ce a ciki."

Ashe ƙona ta aka yi. Tokar ce a ciki.

Washegari ina shara, ga tela ga direban da ke ɗakin tsakiya, sun tsaya mini kamar masu karɓar haraji.

Tela ya ce, "Iya, gawa muke kwana da ita a gidan nan. Waɗannan ba mutane ba ne. Wanda zai cinna wa matarsa wuta, me zai bari?"

Na ce, "To ya kake so a yi?"

"Ai da sauƙi. Kina bin sa haya, ki ce ya biya yau ko ya kwashe kayansa."

Na ci gaba da sharata. Gaskiya ni ma tsigar jikina tashi take yi idan na tuna. Amma mutumin da ya gyara mini firij sau ba adadi bai karɓi ko sisi ba, ba zan watsa masa kaya a titi ban ji daga bakinsa ba. Ga yarinya kuma, ina za su?

Da rana na same shi a tsugune yana kwance bayan wani firij. Ya miƙe da sauri ya ba ni kujera. Ɗakin tas, tulun na ƙyalli, an ajiye tsefen matar a gefensa.

Na ce, "Ɗan nan, ba haya ta kawo ni ba. Me ta yi maka ka ƙona ta?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Iya, ita ta roƙe ni. Ta ce kar in bari a sa ta a rami, tana tsoron duhu. Haka aka ƙona uwarta, haka aka ƙona tawa. Akwai wani kogi a garinmu, can zan kai ta. Kuɗinki ma wajen ƙonawar suka tafi, yanzu na jirgi nake tarawa."

Na ce, "Mu a wurinmu wannan babban abu ne."

Ya ce, "Na sani." Sai ya ƙara da cewa, "Iya, kar ki ji haushi. Lokacin da maigidanki ya rasu, da safe ya rasu, kafin rana ta take an rufe shi da ƙasa an dawo. Matata ta wuni tana kuka. Ta ce wane irin mutane ne waɗannan, ba su ko bari jikinsa ya huce ba, kamar sun gaji da shi."

Na ji kamar ya mare ni. Ni da na yi jinyar mutumin nan har bayana ya kusa karyewa? Na ce, "Gata muka yi masa. Barin mamaci a fili wulaƙanci ne."

"Daga baya ta gane. Ta ga kin daina cin abinci, shi ya sa ta riƙa kawo miki shayi."

Na tuna shayin. Mai kayan ƙamshi ne, ban so shi ba, amma na sha.

Na fito na kira tela da direba. Na ce, "Na ji ta bakinsa. Abin da ya yi, ni ban yarda da shi ba, kuma idan na mutu wani ya kawo ashana kusa da ni sai na tashi mun yi. Amma ba ƙiyayya ta sa shi ba, wasiyya ya cika. Hisabinsa ba a hannuna yake ba, ni ɗaki na ba shi."

Tela ya ce, "To bashin fa?"

Na ce, "Yawwa, tunda ka tuna mini. Idan bashi ne zai fitar da mutum, kai wata uku nake bin ka, kai ne a gaba. In kira mai kura ya kwashe maka kaya?"

Direba ya fashe da dariya, tela ya shige ɗaki. Sai dai direban ne ya tashi a ƙarshen wata, wai matarsa ba ta iya barci. Shi ne kuwa wanda ya fi kowa biya a kan lokaci. Na ji zafin wannan sosai, ɗakin ya jima babu kowa.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa mai firij, ya sa tulun a cikin kabad ya kulle, saboda yaran gida. Ya yi hakan, ya kuma koma biyan haya a kan lokaci, tsohon bashin ne kawai ya rage. Jiya ya kawo mini kuɗi a ninke, ya ce na wata ɗaya ne. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga na jirgi ya cira. Na tura masa abinsa.

Na ce, "Fara kai ta gida tukuna. Ban yafe ba fa, wata biyu ne, kuma ina sane."